Hoton wuya da ya tsaya a C6: nazarin lamarin wani ɗan dako a Kano

Asalin lamarin

Mutumin ɗan dako ne mai shekara 34, yana sauke kaya daga manyan motoci a kasuwar Singa. Gajeren wuya gare shi, ga faɗin kafaɗa, kuma naman da ke tsakanin wuyansa da kafaɗunsa ya yi tudu saboda daɗewa yana sungumar buhu. Wata Talata cikin watan Disamba, yana saukowa ta kan katako da buhun sukari mai kilo 50 a doron wuya, sai ƙafarsa ta zame. Ya faɗi zaune, buhun ya danna kansa gaba har haɓarsa ta bugi ƙirji. Bai suma ba, kuma da ƙafarsa ya tashi. Abokan aikinsa suka raka shi kyamis, aka ba shi maganin ciwon jiki da man shafawa.

Ranar Alhamis, rana ta 3 ke nan, wuya ya ƙi juyawa, sai yayansa ya kai shi wani ƙaramin asibiti. Likita ya danna tsakiyar bayan wuyansa, daidai ƙashin nan da yake tasowa in mutum ya sunkuyar da kai, sai ɗan dakon ya yi ƙara. Ƙarfin hannuwa da ƙafafu lafiya lau. Likita ya rubuta takardar hoton eksire: wuya, ta gaba da ta gefe. A gurbin dalili, "ciwon wuya" kawai aka rubuta. Ba a ambaci faɗuwa ba, ba a kuma sa masa kwalar tallafe wuya ba.

Ƙasusuwan wuya 7 ne, daga C1 zuwa C7, sai na gadon baya na sashen ƙirji 12, daga T1 zuwa T12. Ƙashin da likita ya danna, tsinin baya ne na C7. A nan wuya mai lanƙwasa yake haɗuwa da ƙirji wanda haƙarƙari ya ɗaure, shi ya sa ƙarfin faɗuwa yakan taru a wurin. Kuma a daidai nan kafaɗu biyu suke tare hanyar hasken eksire idan an ɗauki hoto ta gefe.

Rana ta 3: hotunan farko

Cibiyar da aka je na'ura ɗaya gare ta, da tebur mai girid a ƙasa (faranti mai siraran layukan dalma da ke tare hasken da ya warwatse), da allon tsaye a jikin bango, da kaset, wato farantin da ke karɓar hoton, irin wanda ake zura wa kwamfuta ta karanta. An ɗauki hoto 2, duka a tsaye.

Na gefe, an ɗauke shi a tazarar santimita 100 tsakanin kan na'ura da kaset, domin a nan aka bar na'urar bayan wanda ya gabata, da kV 70, wato ma'aunin ƙarfin ratsawar hasken. Ba a ce masa komai game da numfashi ba. Mai ciwon wuya kuwa ɗage kafaɗu yake yi ba tare da ya sani ba, shi ma haka ya tsaya. Abin da ya fito: C1 zuwa C5 sarai, sai rabin C6 na sama, daga nan zuwa ƙasa fari fat. Kusurwar muƙamuƙi ta hau gaban C2, alamar haɓa ta yi ƙasa. Ginshiƙan gefe na kowane ƙashi, waɗanda ya kamata na dama ya hau kan na hagu su zama ɗaya, sun fito biyu-biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Wannan yana nuna jikin ya juya. Da kan ne ya karkata zuwa kafaɗa, da za a ga ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma tsakanin ƙasusuwan ya rufe. Bambance waɗannan biyun yana da amfani, don gyaransu ba ɗaya ba ne: na farko kafaɗu ake daidaitawa, na biyu kai.

Tazarar ma tana da nata tasirin. A hoton gefe, kafaɗa ce take jingine da kaset, wuyan yana nesa. A ce nisan wuyan daga kaset santimita 20 ne: a tazarar 100, komai zai ƙara girma da kashi 25 cikin 100, gefunan ƙashi su dushe. A tazarar 180, ƙarin bai wuce kashi 12 zuwa 13 ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗaukar gefen wuya a santimita 150 zuwa 180.

Na gaba, an harba hasken a miƙe ba tare da karkatawa ba. Gaɓoɓin wuya na ƙasa a karkace suke, leɓen gaba na kowane ƙashi yana ɗan saukowa kan na ƙasansa, saboda haka sai an karkata haske digiri 15 zuwa 20 zuwa wajen kai, an saita shi a C4, kafin tsakaninsu ya buɗe. A wannan hoton duk sun rufe, muƙamuƙi ya lulluɓe C3. Sannan akwai laya a wuyansa, ɗinkakkiya cikin fata mai kauri da ɗan zoben ƙarfe, rigar da ke jikinsa ta ɓoye ta. Inuwarta ta zauna a tsakiya, kan C7 da T1.

Ba a ɗauki hoton buɗe baki ba, wanda yake nuna C1 da C2 ta gaba, tunda takarda ba ta nema ba.

An ɗauki fuskar kwamfutar da waya aka tura wa mai rubuta sakamako ta WhatsApp. Hoton da ya bi ta wannan hanya ba a iya ƙara masa haske ko rage shi yadda ake yi da na asali, ba a kuma iya awo a kansa. Sakamakon ya dawo da yamma: wuya ya miƙe saboda ɗaurewar nama, ba a ga karaya ba. Ba a faɗi inda hoton ya tsaya ba.

Rana ta 4 zuwa ta 9

Da aka ce babu karaya, sai gida suka ɗauka targaɗe ne. Wanzami ya yi masa ƙaho a doron wuya. Rana ta 6 ya koma kasuwa yana ɗaukar katan-katan marasa nauyi. Rana ta 8 ya fara jin ƙaramin yatsansa na dama da na kusa da shi suna tsikara, ciwo na bin cikin damtse yana sauka. Waɗannan yatsun biyu yankin jijiyar C8 ne, wadda take fita ta ƙofar da ke tsakanin C7 da T1.

Rana ta 10, da safe: sake duba tsofaffin hotuna

Alhamis ta zagayo, aka kai shi wani asibitin da ya fi na farko girma, mai ɗakin hoto a ciki amma babu CT, na'urar da ke nuna cikin jiki yanka-yanka. Likitar da ta gan shi ta ɗaga tsohon hoton ta ƙirga ƙasusuwa daga C2, wanda ba a ɓata shi saboda turken da ke kansa. Ta tsaya a 6. Nan take aka sa masa kwala mai tauri, aka kwantar da shi rigingine a kan allo, aka rubuta CT. Yayansa ya ce sai ya zagaya 'yan uwa da shugabannin ƙungiyarsu ta 'yan dako kafin kuɗin ya haɗu, ba zai yiwu ba sai gobe. Likita ta yanke a sake hoton eksire a ranar, a kwance, domin a san ko akwai gocewar da za ta sa a nemi kuɗin ko ta halin ƙaƙa a tafi da shi cikin dare. Wannan karon takardar ta faɗi komai: faɗuwa da kaya, ciwo a tsakiyar C7, alamun jijiya a dama, a nuna C7 da T1.

An cire layar, da izininsa, aka danƙa wa yayansa. An yanke rigar daga wuya maimakon a zare ta ta kai.

Gwaji na farko: ƙara yawan haske

Ƙaramin ma'aikacin da ke bakin aiki ya kafa kaset a tsaye a gefen kafaɗa, ya kwantar da hasken ya bi ƙasa-ƙasa, tazara 180, kV 75, aka saita a C4, wato daidai saman zakaran wuya. Kan bai motsa ba. Hoton ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba: gefunan ƙashi sun fito tsaf, ginshiƙan sun hau juna. Naman da ke gaban C2 bai kai milimita 7 ba, tazarar da ke tsakanin gaban C1 da turken C2 ba ta wuce milimita 3 ba, duka daidai ga babba. Amma a ƙasan C6 ya tsaya.

Sai ya ninka mAs, wato ma'aunin yawan hasken, sau 2 ya sake, kV na nan yadda yake. C7 bai fito ba. Abin da ya ƙaru shi ne saman wuya ya sha haske fiye da kima, naman gaban wuya ya kusa ɓacewa. Kwamfuta ta gyara hasken hoton da kanta yadda ido ba zai ga laifi da sauri ba, amma lambar da na'urar karanta kaset take bayarwa ta nuna an wuce iyaka. mAs yawan hasken yake ƙarawa, kV kuwa shi ne ƙarfin ratsawa. Hasken da ba zai iya ratsa kafaɗu biyu masu kauri ba, ko an ninka yawansa sau 10, a cikin naman zai ƙare, mara lafiya ya sha, kaset bai samu ba.

Gwaji na biyu: jan kafaɗu

Ga wanda bai yi hatsari ba, hanyar saukar da kafaɗu mai sauƙi ce: a tsaye, a ba shi nauyin kilo 2 zuwa 4 a kowane hannu, ya fitar da numfashi duka ya riƙe. Ga wanda ake zargin karaya, ba a yin haka. Abin da wasu suke yi shi ne jan hannuwa a hankali daga wajen ƙafa, likita na tsaye, wani na riƙe da kai, kowa da rigar dalma.

Likitar ta zo da kanta. Aka ce masa, "Malam, saki kafaɗunka, kada ka taimaka mana. In ka ji wani abu ya canza a hannunka, ka yi magana." Da aka fara ja, kafin a danna, ya ce yatsun sun ƙara tsikara. Aka saki nan take, ba a ɗauki hoton ba. Tun daga nan aka bar hannun dama yadda yake.

Gwaji na uku: ɗaga hannu ɗaya, karo na farko

Saura tsarin da ake ɗaga hannu ɗaya sama a bar ɗayan a ƙasa, kamar mai iyo, don kafaɗun su rabu, haske ya bi ta tsakaninsu. Hannun da ke kusa da kaset shi ake ɗagawa. Tunda dama ce mai alamun jijiya, aka mai da kaset ɓangaren hagu, aka tabbatar kafaɗar hagu ba ta da rauni, aka ɗaga hannun ya kwanta kusa da kunne. An sa girid, domin a wannan kaurin, hasken da ke warwatsuwa cikin nama yana da yawa. Da yake ba za a iya jan kafaɗar dama ƙasa ba, aka karkata hasken digiri 5 zuwa wajen ƙafa. kV 80.

Hoton ya fito toka-toka, cike da ɗigo-ɗigo, ba a rabe ƙashi da nama. Babban ma'aikacin ɗakin, da aka kira shi, bai taɓa kwamfutar ba, kaset ɗin ya fara dubawa. Layukan dalmar da ke cikin girid ɗin a tsaye suke, daga ƙasa zuwa sama, alhali karkatar hasken ta bi tsawon jikin mara lafiya ne. Wato hasken ya gitta layukan, su kuma suka cinye shi. Ana iya karkata haske ya bi tsawon layukan girid, amma ba a gitta su. Ƙari a kan haka, girid ɗin an ƙera shi ne don tazarar wajen santimita 100, ga shi an bar na'urar a 180.

Akwai wasu kurakurai biyu da suka fito ko a cikin dushewar. An saita hasken a tsakiyar ƙirji, ƙasa da inda ake nema sosai. Kuma lokacin da aka ɗaga hannun, kafaɗar hagu ta taso daga kan allo, ƙirjin ya murɗa, har haƙarƙarin baya na dama da na hagu suka yi nesa da juna a hoton.

Gwaji na huɗu: hoton da ya nuna wurin

An juya girid ɗin layukansa suka kwanta, suka bi tsawon jiki. An dawo da tazara santimita 100. An sauke gindin kaset ya yi ƙasa da saman allon da yake kwance a kai, don kada tsinin baya na ƙasusuwan su yanke a gefen hoton, abin da yakan faru da mai kwance in an ɗora kaset a kan katifa ɗaya da shi. An sauke hannun hagu aka sake ɗaga shi a hankali, wani ya dafa allon kafaɗar don ya zauna, aka tallafe gwiwar hannun da soso. An duba daga wajen kai an ga kafaɗu biyu suna kwance daidai.

Wurin saiti shi ne T1: wajen santimita 2.5 sama da ramin da ke gindin maƙogwaro ta gaba, wanda ta baya ya yi daidai da tsinin C7. An matse hasken ya zama siriri, iyakar ƙashin baya da ɗan abin da ke gabansa, domin duk naman da haske ya taɓa a banza, hazo yake ƙara wa hoto. An kai kV 90. Ƙa'idar da aka saba ita ce ƙarin kashi 15 cikin 100 a kV yana ninka hasken da ke isa kaset, saboda haka daga 80 zuwa 90 ba ƙaramin mataki ba ne, ga kuma ragin tazara da ya ƙara nasa. An lissafa mAs a kan haka, ba a bar ta yadda take ba. Kafin a danna, an jira aka kashe na'urar sanyaya ɗaki, don a kan janareto ake, kuma tsofaffin na'urori ba sa ba da kV ɗin da aka saita in wuta ta yi ƙasa.

Akwai zaɓi biyu game da numfashi. Ana iya barin mutum yana numfashi a hankali na daƙiƙa 3 zuwa 4 da ƙaramin mA, wato hasken na fita kaɗan-kaɗan, haƙarƙari da huhu su dushe, ƙashin baya ya fito. Amma wannan sai wanda zai iya zama cik. Shi hannunsa na sama yana rawa saboda ciwo, sai aka zaɓi gajeren lokaci: "Malam, ja numfashi. Fitar da shi duka. Tsaya haka, kada ka motsa."

C5 zuwa T3 suka fito. Kan ƙashin damtsen hagu yana sama, na dama yana ƙasa, C7 da T1 a tsakani. Don a tabbatar da ƙirga, an nemo haƙarƙari na farko, wanda yake manne da T1, aka kuma gwada siffar C5 da C6 da ta hoton gefen da aka yi da safe. Ba hoto ne mai kyan gani ba, irin wannan bai taɓa zama mai kyan gani ba, amma ana bin layuka a kansa. Layin gaban ƙasusuwa da na bayansu sun tafi ba tare da tsalle ba. Gaban T1 ya fi bayansa gajarta da kimanin kashi 1 cikin 5. Tsinin C7 ya tsinke, guntun ya sauka ƙasa.

Sauran hotunan ranar

An sake na gaba a kwance, digiri 15 zuwa wajen kai. Tsinayen baya sun jeru a tsakiya, kawunan ƙasusuwan saman ƙirji biyu suna nesa ɗaya da tsakiya, alamar babu juyawa. A C7 inuwar tsinin ta fito biyu, ɗaya a wurinta, ɗaya ƙasa kaɗan, daidai inda laya ta zauna a hoton farko. A irin wannan hoton, gane C7 da T1 ba wuya: fukafukan gefe na C7 ƙasa suke kallo, na T1 sama.

Hoton buɗe baki sai da likita ta buɗe gaban kwalar, wani na riƙe da kai. Abin da ake so shi ne gefen haƙoran sama da ƙasan ƙashin bayan kunne su zama kan layi ɗaya da hasken. Tunda ba a taɓa kan, na'urar aka karkata. Haɓarsa a ƙasa take, da an harba a miƙe da haƙoran sama sun rufe turken C2, sai aka karkata digiri 5 zuwa wajen kai. Da ƙeya ce za ta rufe shi, da wajen ƙafa za a karkata. Aka ce ya buɗe baki iyakar iyawarsa ya ce "aaa", harshe ya kwanta. Turken ya fito a tsakiya, gefunan C1 sun zauna daidai kan C2. Wani siririn layi da ya ratsa turken a tsaye, inuwar wushiryarsa ce ba karaya ba, don ya zarce ƙashin ya ci gaba.

Wanda aka samu da karaya ɗaya a ƙashin baya, akan nemi ta biyu a wani wurin, don haka aka ɗauki gadon baya na ƙirji. A na gaba, an saita a T7, santimita 8 zuwa 10 ƙasa da ramin maƙogwaro, aka kwantar da shi kansa yana ɓangaren anod na na'urar (kwan da ke fitar da hasken ɓangare biyu gare shi, anod da katod). Hasken ɓangaren katod ya fi ƙarfi, gara ya faɗa kan ƙasan ƙirji mai kauri. In aka yi akasin haka, T1 zuwa T4 sukan fito baƙi ƙirin a hoton, na ƙasa su yi fari. Na gefe ya nuna T4 zuwa T12, na sama kuwa kafaɗu sun rufe su kamar yadda aka saba, hoton ɗaga hannu ne ya cike wannan giɓin. Ba a ga wata karayar ba.

Rana ta 11 zuwa mako na 12

Ya kwana a asibiti da kwala. Ranar Juma'a da safe aka kai shi CT a kwance cikin motar asibiti. CT ta tabbatar da karayar tsinin C7 da dannewar saman T1, ta kuma nuna abu na uku wanda babu hoton eksire ɗin da ya nuna shi: tsagewa a ƙaramar gaɓar baya ta dama tsakanin C7 da T1, ba tare da gocewa ba, dab da ƙofar jijiyar C8. Laka ba ta matsu ba.

Likitan ƙashin baya ya zaɓi a bi shi ba tare da tiyata ba, da sharaɗin sa ido. An canza kwalar da abin ɗauri mai saukowa har ƙirji, domin kwalar wuya kaɗai ba ta riƙe mahaɗar C7 da T1 yadda ya kamata. An yi hoton bibiya a tsaye a mako na 2, na 6 da na 12. An rubuta tazara da kV da karkatar da aka yi amfani da su a jikin katinsa, aka maimaita su kowane zuwa, don tsayin T1 da aka auna a tazarar 100 ba ya gwaduwa da wanda aka auna a 180. Dannewar ba ta ƙaru ba. Tsikarar yatsu ta ragu a hankali, zuwa mako na 6 ta tafi.

A mako na 12, bayan an cire abin ɗaurin, an yi hoton sunkuyawa da na ɗaga kai, shi da kansa yake motsawa iyakar inda ciwo ya bar shi, babu mai tura masa kai. Abin da ake tsoro shi ne zamewar da ta wuce milimita 3.5 ko buɗewar kusurwa fiye da digiri 11 tsakanin ƙashi da maƙwabcinsa. Babu ko ɗaya. Guntun tsinin bai haɗe da uwarsa ba, wanda ba baƙon abu ba ne kuma ba ya hana aiki. An hana shi ɗora kaya a wuya, ya koma tura kura a cikin kasuwar.

Hukunci

Rashin fitowar C7 a hoton farko ba shi ne babban laifin ba. Mutum mai irin wannan kafaɗar, ko a hannun gwani, sau da yawa hoton gefe a C6 zai tsaya, kuma an ga haka a rana ta 10 da aka yi komai bisa ƙa'ida. Laifin da ya mai da shi kasuwa da karaya 3 a wuya shi ne shirun da aka yi a kai. Mai ɗaukar hoton bai ƙirga ba kafin ya sallame shi, mai rubuta sakamako bai faɗa ba, likitan farko ya karanta takarda bai ɗaga hoton ba. Layi ɗaya ya isa: "Hoton ya tsaya a C6, C7 da T1 ba su fito ba, ba za a iya cewa babu karaya ba." Hoton gefen wuya na wanda ya ji rauni, in bai nuna daga gindin ƙoƙon kai har saman T1 ba, bai cika ba, kuma sakamakonsa ma haka ya kamata ya ce.

Takardar neman hoton ita ta buɗe ƙofar sauran. "Ciwon wuya" ya sa aka ɗauke shi a matsayin mai sanƙarar kwanciya: aka tsai da shi, aka bar buɗe baki, ba a tambaye shi abin da ke wuyansa ba. Amma mai ɗaukar hoto ma yana da baki. Tambayar "Malam, me ya same ka?" ba ta cin minti ɗaya.

A rana ta 10, hoto 2 ne aka yi asararsu, kuma duka ana iya kauce musu: wanda aka ninka mAs, da wanda girid ya cinye. Kowannensu haske ne a kan maƙogwaro, inda ƙullin tayirod yake, ga mutumin da zai sake shan CT washegari. Tsayar da jan kafaɗu daidai ne, kuma akwai hujja mai ƙarfi cewa bai kamata a fara shi ba ga wanda ya riga ya zo da alamun jijiya. Abin da ya sa gwaji na huɗu ya yi aiki ba ƙarin haske ba ne. An raba kafaɗu ba tare da an murɗa ƙirji ba, an saita a T1, an matse fili, an ba da kV mai ratsawa, an kuma bi ƙa'idar girid. Da an bar ɗaya daga cikin biyar ɗin, da an sake.

Duk da haka, mafi kyawun hoton ranar bai ga tsagewar da ta taɓa jijiya ba. Ƙa'idar NEXUS ta tantance wanda ke buƙatar hoton wuya bayan rauni, wadda aka wallafa a Amurka a 2000, ta ce ciwo a tsakiyar bayan wuya kaɗai ya isa a ce sai an yi hoto, kuma shi yana da wannan tun rana ta 3. Da alamun jijiya suka shigo, CT ce ta zama gwajin da ya dace, eksire na rana ta 10 cike giɓin dare ɗaya ne kawai saboda kuɗi ba su haɗu ba. A Kano, inda asibitin ƙashi na Dala da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano suke cikin gari, nisa ba ya cikin dalilan jinkirta tura irin wannan mara lafiya. Ko da hoton ɗaga hannun ya fito ba a ga komai a cikinsa ba, kwalar za ta ci gaba da zama a wuyansa har sai an ga CT.